Tsohon Babur Tsakanin Sikelin 'Yan Gwangwan da Hannun Bakanike

Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akwai babur da aka jingine a zaure, ko a bayan ɗaki, ko a ƙarƙashin rumfar da ake tara tarkace. Tayoyinsa sun sace, ƙura ta lulluɓe tankinsa, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana. Wani na maigida ne da tsufa ya hana shi hawa. Wani na mamaci ne da magada suka kasa daidaitawa a kansa. Wani kuwa 'yar ƙaramar matsala ce ta tsayar da shi, aka ce gobe za a kai shi gareji, sai goben ta zama shekara goma. Ƙarshen mafi yawansu iri ɗaya ne: ranar da aka matsu, sai a kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli, su biya kuɗin nauyin ƙarfensa.

Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi shi ne cewa wannan ciniki asara ce a mafi yawan lokuta. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye ba lallai ne ya mutu ba. Galibi zama ne ya ɓata masa wasu 'yan sassa masu sauƙin gyara, jikin injin kuwa yana nan lafiya lau. Za a bayyana yadda waɗannan babura suka taru, da abin da zama ke yi musu, da tsarin da ya kamata a bi wajen tayar da su, sannan a dubi hujjojin masu ganin cewa aikin ɓata lokaci ne, domin wasu daga cikin hujjojin nasu suna da nauyi.

Yadda Baburan Suka Taru

Babur ya shiga rayuwar ma'aikacin Arewa sosai a tsakiyar shekarun 1970. Ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a kai a 1974, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ya sa malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti suka sami kuɗi a dunƙule, da yawansu kuma suka sauka daga keke suka hau babur. A wancan zamani Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta zama alamar mutunci, musamman da yake mai babbar riga yana iya hawanta ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, kuma rigarsa ba ta haɗuwa da sarƙa. Baburan Japan, wato Honda da Suzuki da Yamaha da Kawasaki, su ma suka cika tituna. Daga baya aka shiga zamanin baburan Sin irin su Jincheng, sannan na Indiya irin su Bajaj, waɗanda sana'ar acaɓa ta yawaita.

Kowane sabon yayi yana tura na baya zuwa zaure. Sai kuma dokokin tsaro suka ƙara yawan waɗanda aka jingine. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur, adaidaita sahu ta maye gurbin acaɓa. Wasu masu baburan sun sayar, wasu sun koma da su ƙauye, wasu kuwa suka ajiye suna jiran a ɗage dokar.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a yau shi ne tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Faɗuwar darajar naira ta sa farashin sabon babur na yau da kullum ya wuce naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na sama da wata goma sha huɗu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya taɓa sabon babur. A irin wannan hali, wanda yake da tsoho a zaure yana zaune ne a kan dukiya.

Abin da Zama Ke Yi wa Babur

Ya kamata a rarrabe tsakanin babur da aiki ya cinye da wanda zama ya kwantar. Na farko ƙarfensa ne ya sude. Na biyu kuwa ciwonsa yana cikin sassan da ba su jure zama. Fetur ɗin da aka bari a kafireta yakan bushe ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro, ya toshe jet, wato 'yan ƙananan ƙofofin da mai ke bi, waɗanda wata daga cikinsu faɗinta bai kai rabin milimita ba. Tankin da aka bari rabi fanko yakan tara raɓa daga ciki a lokacin damina, ruwan ya kwanta a ƙasa saboda ya fi fetur nauyi, tsatsa ta fara ci daga nan. Baƙin mai yakan tsiyaye daga bangon silinda, ringi ya manne. Batir da ya daɗe ba caji yakan mutu, ba ya dawowa. Zafin bazara da bushewar hunturu sukan farfasa duk abin da aka yi da roba. Ɓera yakan gwaguye wayoyi da soson sirdi, zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa a bakin salansa ko a hanyar iska, har ya hana inji numfashi.

Idan aka duba wannan jeri za a ga babu abu ɗaya a cikinsa da ya taɓa ƙashin bayan injin. Misali mafi dacewa a nan shi ne Honda CG125, wanda aka fitar a 1975. Kafin a ƙera shi, kamfanin ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana labta masa kaya fiye da ƙima, ba a yin juye sai mai ya yi kauri ya ƙazantu, matatar iska kuma sai ta toshe ba a waiwaye ta ba. Maimakon su ɗora laifi a kan mahaya, sai suka sauya fasalin injin: suka saukar da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasa, kusa da inda mai yake, suka haɗa ta da bawul ta hanyar 'yan sanduna biyu, suka kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wato an ƙera shi ne tun asali domin ya jure sakaci. An fara ƙera shi a Brazil a 1976, ana kuma ƙera shi a Pakistan har yanzu, sannan kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, abin da ya sa kayan gyaransa ba su yanke a kasuwa ba. Haka nan ƙaramin Honda Super Cub, wanda ya fito a 1958, adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Injin da ya bazu haka a duniya da wuya a rasa wanda ya san ciwonsa.

Tsarin da Ya Kamata a Bi

Mafi yawan tsofaffin baburan da suka lalace a wurin gyara gaggawa ce ta kashe su. Mutum ya fito da babur daga zaure, ya zuba sabon fetur a kan tsohon, ya hau ya dinga dukan kik, ko ya sa yara su tura shi. Idan ringi ya manne, wannan duka yana iya karya shi ko ya karce bangon silinda. Idan kuma injin ya tashi, to ya tashi ne a bushe, da gurɓataccen mai. Aikin da zai ci kuɗi kaɗan sai ya koma na buɗe inji.

Matakin farko ma ba na sufana ba ne, na takardu ne. A duba lambar jiki da lambar inji, a tabbatar sun dace da abin da ke cikin takardun mallaka. Idan babur ɗin na mamaci ne, to haƙƙin magada ne, sai an raba ko an sami yardarsu kafin wani ya zuba kuɗinsa a ciki. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya gyara babur ya gyaro wa kansa shari'a.

Bayan haka a wanke shi, domin datti yana ɓoye tsagewar ƙarfe da wurin da mai ke yoyo. Sai a cire fulogi, a zuba ɗan mai kamar cokali ɗaya a cikin silinda, a bar shi ya kwana biyu ko uku. Daga nan a gwada juya injin a hankali da hannu. Idan ya juya, an tsallake babban haɗari. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Ƙarfi ba ya cikin wannan mataki. Sai a tsiyaye tsohon baƙin mai a duba shi da kyau: idan ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, idan ana ganin ƙyallin ɓurɓushin ƙarfe, akwai abin da ya ci a ciki. Irin waɗannan ƙananan injuna ba su wuce cin lita ɗaya, kuma suna da 'yar rariya ta tace mai wadda ya kamata a ciro a wanke da kananzir.

Makanikai sun san cewa inji ba ya tashi sai abubuwa huɗu sun haɗu: mai, iska, wuta da matsi. Hikimar gyara ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa biyu a lokaci guda, domin a san wanda ya kawo matsalar. A ɓangaren mai, a sauke tanki a zubar da abin da ke ciki, a zuba 'yan notuna da kananzir a jijjiga har tsatsar ta saki, a ɗauraye, a shanya, sannan a sa 'yar matata a kan tiyon da ke kai mai kafireta. Ita kafiretar a kwance ta gaba ɗaya a jiƙa, a hura ƙofofinta da iska. A nan ne ake yawan yin kuskure: a ɗauki allura ko waya mai ƙarfi a soka a jet. Jet tagulla ce mai laushi, da zarar ƙofarta ta ƙaru ko da kaɗan ne, babur ɗin zai riƙa shan mai fiye da ƙima har iyakar rayuwarsa. A ɓangaren iska, a wanke soson matata a ɗan shafa masa mai, a kuma leƙa salansa a tabbatar ba a toshe take ba.

A ɓangaren wuta, a sa sabon fulogi, a daidaita tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, a jingina shi a jikin inji a ga ko tartsatsin da yake bayarwa shuɗi ne mai ƙarfi. Tsofaffin samfura masu aiki da kwantak suna buƙatar a goge fuskarsa a daidaita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. A kuma lura cewa da yawansu wutarsu mai ƙarfin bolt 6 ce, saboda haka ɗaura musu batir mai bolt 12 ƙona ƙwayaye da kayan wuta yake yi. A ɓangaren matsi kuwa, kafin a yanke hukuncin cewa fistin ya mutu, a fara daidaita bawul injin yana sanyi: milimita 0.08 ga CG125, milimita 0.05 ga Super Cub. Sau da yawa bawul da ya matse ne ke zubar da matsi, ba ringi ba.

Ranar da injin ya tashi rana ce ta farin ciki, amma ita ce kuma mafi haɗari, domin mai babur yakan ɗauka an gama. Abin da ke tsayar da babur ya fi abin da ke tafiyar da shi muhimmanci. Fatar birkin da ta daɗe takan ɓamɓare daga ƙarfenta, ta cije taya ana cikin gudu. Kebur ɗin birki da na kuloci da na totur sukan yi tsatsa daga ciki, su tsinke ba sallama. Taya tana iya zama da zanenta cif, amma robarta ta bushe. Tun daga shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A sauya waɗannan duka, a duba boris na tayoyi da na wuya, a ɗaure sifok, a wanke sarƙa a bar mata sassaucin kimanin santimita biyu. Fenti shi ne na ƙarshe, idan kuɗi ya rage. Wanda ya fara da fenti ya yi wa mara lafiya kwalliya ne kafin a ba shi magani.

Hujjojin Masu Suka

Hujja ta farko ita ce ta kuɗi: ana cewa tsohon babur rami ne, yau a sayi wannan gobe a sayi wancan. Akwai gaskiya a ciki, kuma maganinsa shi ne a yi lissafi kafin a fara. Idan firam ya tsage a wuya, ko ya lanƙwashe sakamakon haɗari, ko tsatsa ta huda shi, ko akwatin inji ya fashe, to wannan babur ya gama aikinsa. Amma ko shi bai kamata ya tafi sikeli a dunƙule ba. A kwance shi a sayar da sassansa masu rai ga masu irinsa, ragowar ƙarfen ya tafi. Idan kuwa firam da inji suna lafiya, abin da za a saya fulogi ne da batir da tayoyi da kebur da mai, waɗanda jimillarsu ba ta kusanci kuɗin sabon babur ba.

Hujja ta biyu ita ce ta jabun kaya. Gaskiya ne kasuwa ta cika da sassa marasa ƙarko, kuma araha ba ta ado. Sai dai wannan hujja ce da ke goyon bayan gyara fiye da sauyi: tsohuwar kafireta ta asali da aka wanke da kyau ta fi sabuwa ta jabu. Ƙa'idar da ta dace ita ce a riƙe duk wani ƙarfe na asali da zai gyaru, a sauya duk wata roba da duk abin da rai ya rataya a kansa. Kasuwannin tsofaffin kaya irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna rumbuna ne ga mai haƙurin nema, kasuwar Nnewi a jihar Anambra kuma ta daɗe da zama cibiyar kayan babur a Nijeriya.

Hujja ta uku ita ce ta hayaƙi, kuma ita ce mafi ƙarfi. Injunan da ake haɗa wa fetur da mai, irin na Vespa da na Jincheng na da, suna ƙona man tare da fetur, hayaƙinsu kuma yana cutar da huhu. Duk wanda ya san titunan Kano a zamanin acaɓa ya san wannan. Ba daidai ba ne a cika birni da su kamar da. Amma wani kaso mai yawa na wannan hayaƙi daga rashin awo yake: Vespa ta wancan zamani kashi 2 cikin 100 na mai take buƙata, wato mililita 20 a kowace lita, sai a riƙa zubawa da ka, wani lokaci ma da baƙin man da aka juye daga mota. Injin da ba ya haɗa mai da fetur, irin na CG125, wannan zargi bai hau kansa ba idan yana da lafiya. Kada kuma a manta cewa narka tsohon ƙarfe da ƙera sabo da yi masa jigila ta teku su ma suna da nasu hayaƙin.

Hujja ta huɗu ita ce ta tsaro, ganin yadda 'yan bindiga ke amfani da babura, har wasu jihohin arewa maso yamma suka taƙaita zirga-zirgarsu a 2021. Amsar a nan ita ce babur ɗin da aka tayar aka yi masa rajista da lamba ya fi sauƙin bibiya a kan wanda aka sayar ba takarda, aka farfasa, sassansa suka bazu ba a san inda suka shiga ba.

Ilimin da Ke Tafiya Tare da Ƙarfen

Akwai wata asara da ba ta bayyana a sikeli. Makanikan da suka koyi aiki a kan waɗannan babura a shekarun 1970 da 1980 suna tsufa. Su ne suka iya saita wuta da kunne, suka iya gane ciwon inji daga launin fulogi: baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa, fari fat alamar mai ya yi kaɗan, ruwan ƙasa alamar lafiya. Yaran gareji na yau da yawansu sauya kaya suka iya, domin abin da kasuwa ta koya musu ke nan. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a hannu yake da baki, kuma ba ya wucewa daga maigida zuwa yaro sai da babur a gabansu. Duk lokacin da aka kai tsohon babur wurin dattijon bakanike, an buɗe aji ne ga yaransa.

Saboda haka ya dace kwalejojin fasaha da sassan aikin injiniya su riƙa karɓar irin waɗannan babura a matsayin kayan koyarwa. Inji mai silinda ɗaya yana nuna wa ɗalibi duk ƙa'idojin da ke cikin injin mota, a girman da mutum ɗaya zai iya ɗauka ya ɗora a kan teburi. Ɗalibin da ya tayar da mataccen babur da hannunsa ya fahimci abin da zane a allo ba zai fahimtar da shi ba. Ya kuma dace a gayyato tsofaffin makanikan su koyar, a biya su, a rubuta abin da suka sani kafin ƙasa ta rufe shi.

Kammalawa

Ba kowane babur da ke zaure ne zai sake hawa titi ba, kuma ba kowane ne ya cancanta ba. Abin da ake kira gare shi shi ne a daina yanke hukunci kafin bincike. Mai tsohon babur ya fito da shi, ya daidaita takardunsa da haƙƙin da ke kansa, ya sa masani ya duba firam da inji, ya yi lissafi, sannan ya zaɓa. Idan ya zaɓi gyara, ya bi tsari, ya fifita birki da taya a kan fenti, ya kuma nemi hular kwano kafin ya hau. Wanda kuma zai jingine nasa na wani lokaci, ya tsiyaye kafireta, ya cire batir, ya ɗaga tayoyi daga ƙasa, ya toshe bakin salansa, ya rufe shi daga rana da ruwa, domin rigakafi ya fi magani. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana ta da kyau.